Fuskar Mijin Kulu

Jiya wata daga cikinku ta tsaya a kaina ina aiki, ta ce wa 'yar'uwarta, a gabana kuma, "Ashe shafa kala ce kawai, ko ni sati biyu na iya." Ban tanka mata ba don akwai burushi a bakina. Yau babu, to ku saurara. Ba ni da haƙurin maimaita magana, shi ya sa na rubuta, kowa ta karanta da kanta. Wadda ta ga ba za ta iya ba ta koma gida tun da sauran mutunci. Akwai saƙa, akwai ɗinki, duk sana'a ce.

Ni ma da wannan rainin na shigo. Na gama sakandare ina jiran a kira ni aiki a Sakkwato, ba a kira ni ba, har yau kuwa ba a kira ni ba. Babana ya gaji da ganina ina faɗa da kowa a tsakar gida, ya kai ni wajen Baba Lasisi mai hoto, wani Bayarabe da ya tsufa a Birnin Kebbi har harshensa ya koma na 'yan gari. Wannan shagon da kuke zaune ciki nasa ne, ɗakin gaba mai labule da kujera, na baya ɗakin duhu. Ba don tausayi ya ɗauke ni ba. Rabin garin mata ne, suna cikin kulle, shi kuma ba shi da ƙofar shiga. Mace yake nema mai riƙe masa kyamara. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce wa babana, "Wagga ta cika baki." Babana ya ce, "Don haka na kawo ma ita. Cikin duhu ba ta samun abokin faɗa."

Aikina na farko wankin tasoshi ne. Uku ne a ɗakin duhu: ta maganin da ke fito da hoto, ta ruwan da ke tsayar da shi, ta maganin da ke kama shi kada ya gudu. In ɗigon ta ƙarshe ya faɗa cikin ta farko, aikin yini ya mutu. Faratana suka rine suka yi baƙi, gwaggona ta ce na zama kamar mai jima. Da ya ga ban gudu ba, ya sa ni in yi burushina da hannuna: gashin bayan kyanwa, a zaɓi masu tsini, a ɗaure da zare, a cusa cikin bututun gashin agwagwa. Da leɓe ake fiƙe bakinsa, shi ya sa kuke ganina kullum da shi a baki kamar mai asuwaki. Sannan ya zubo mini tarin lalatattun hotuna ya ce in cike duk farin tabon da ƙura ta bari. Ɗigo ake yi, ba a ja. In na ja layi ya buge mini hannu da rula. Na yi watanni ina ɗiga baƙi a kan fuskokin mutanen da ban sani ba, wasu ma sun riga sun mutu, kafin ya bari in taɓa hoton da aka biya.

Ita kalar da kuke rainawa, 'yan kwalaben da ake kawowa daga Kano, don fatar Turawa aka yi ta. Ku shafa ta yadda ta zo ku ga Bakabe ya koma kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Sai an haɗa. Ruwan shayi mai kauri, ɗan lalle, ɗigon shuni a inda inuwa take, kwalli a gindin ido. Kuma fuska ɗaya ba launi ɗaya ba ce. Goshi daban, ƙarƙashin ido daban, gefen hanci daban. Manomin shinkafa na Ambursa da ya yini a fadama ba fatarsa ɗaya da ta akawun ofis ba, ko da uwa ɗaya ta haife su.

Wani mutumin Augie ya taɓa shigowa da hoton ubansa da ya aika can wani babban birni aka faɗaɗa masa. Yaran wurin sun ga layuka a kumatun tsohon, sun ɗauka ƙarzuwar takarda ce, suka goge masa zane tas, suka mayar da shi sumul kamar ƙwai. Mutumin ya ɗora hoton a kan teburinmu ya ce, "Don Allah ku faɗa man, wanga uban wa na?" Baba Lasisi, wanda shi ma akwai tsagar gidansu a kumatunsa, ya juyo ya ce mini, "Kin gani? Ki ƙara wa mutum haske in ya roƙa, ki rage masa furfura, ki sa masa agogon da bai taɓa mallaka ba. Amma zane ba naki ba ne. Kada ki ƙara, kada ki rage." A duk abin da ya koya mini wannan kaɗai ya faɗa ba tare da ya ɗaga murya ba.

Masu rai ba su da wuya. Amarya na son a ƙara mata fari, ɗan kasuwa na son a tsayar da shi kusa da motar da ba tasa ba. Ƙarya ce da kowa ya san ƙarya ce, a yi dariya a rabu. Matattu su ne aikin. Wata tsohuwa ta kawo mini ɗan ƙaramin hoton 'yarta da ta rasu wajen haihuwa, ta ce in faɗaɗa shi in sa kala. Na yi, na zaɓa wa zanen jikinta kore. Ta duba ta ce 'yarta ba ta taɓa ɗaura kore ba. Na sake da ja, ta ce jan bai kai ba. Raina ya ɓaci na ce, "To Gwaggo sai ki kawo zanen." Washegari sai ga ta da shi. Na rasa abin da zan yi, na ɗauki almakashi na yanka gefe daidai da kafaɗar hoton, na jiƙa ƙaro na manna. Ta karɓa ta kai hanci. Daga nan maganar ta bi gidaje, mata suka riƙa aiko mini da hoto haɗe da ƙyalle, wata da ɗan kunne ɗaya, wata da zaren bakin hula. Ba a rataye irin waɗannan a bango, malamai ba sa so, maza ma ba sa son tambaya. Ƙasan adudu suke zama, ƙarƙashin tufafi, a ciro in ɗaki ba kowa.

Sai shekarar wahala ta zo. An rufe kan iyaka, fim ya ɓace, takardar wanke hoto ta ɓace, maganin ma sai wanda ya kwana biyu. Abin da ake satar shigowa da shi ta wajen Kamba rabinsa zafi ya riga ya kashe shi, a wanke a ga hazo. Masu hoto biyu a garin nan suka rufe, ɗaya ya koma sayar da albasa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Baba Lasisi ya kulle sauran takardarmu mai kyau a cikin gwangwanin biskit, makullin a wuyansa. Biki ya ragu, suna ya ragu, wa ke ta hoto ana neman gero? Ga shi da damina ta tashi zuwa ta zo da hauka, gulbi ya haura ya shiga gidajen bakin ruwa a Argungu, bayansa amai da gudawa suka bi. Aikin matattu ne ya riƙe mu a wannan shekarar. Ban ce abin alfahari ba ne, na ce shi ya riƙe mu.

A ƙarshen wannan shekarar Kulu ta shigo, goye da jaririya, tare da uwar mijinta, wata tsohuwa mai raunin ido da ake kira Inna Tumba. Daga Argungu suke, gidan masunta. Kulu ba ta kai ni shekaru ba. Ta kwance ƙullin zane ta fito da ɗan firam mai gilashi. Hoton mijinta ne, Garba, wanda wani mai hoton yawo ya ɗauke shi lokacin bukin kamun kifi, kuma shi kaɗai ne hotonsa a duniya. Ba ruwa ne ya ci shi ba, ciwon da ya biyo ruwan ne. Firam ɗin yana ƙasan akwati lokacin da gulbi ya shiga ɗaki, ba wanda ya tuna da shi sai bayan ta haihu ta fita takaba. Takardar ta manne wa gilashi. Daga hanci zuwa ƙasa duk farar fumfuna ce, idon hagu ma ya tafi. Abin da ake gani hula, goshi, kunne ɗaya, da idon dama.

Inna Tumba ta fita neman goro. Kulu ta matso ta yi ƙasa da murya.

"Malama, huskatai ta ɓace man."

Na ce ai ina gani, ruwa ne.

"Ba ga takarda ba. Nan." Ta taɓa goshinta. "In na rufe ido ina ganin ƙafafunai, ina ganin tabon ƙugiya ga hannunai, har tafiyatai ina gani. In na kai ga wuya sai hayaƙi. Wagga in ta girma ta ce man yaya ubanta yake, mi za ni ce mata?"

Na ce, "Ke ba ki kallon mijinki ne?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Wa ka kallon miji ga ido? Shekara guda da 'yan watanni munka yi. Da asuba shina gulbi. In ya komo ina duƙe ina aje mai tuwo, uwatai na zaune."

Na faɗa mata gaskiya, don ba na ɓoye wa mai kaya. Wani lokaci fumfunar a saman take, fuska na nan a ƙarƙashi, in an jiƙa a hankali takarda ta saki gilashi a samu abin da aka samu. Wani lokaci kuma fuskar ta narke. Ba a sani sai an gwada, kuma ba a gwadawa sau biyu. Ta ce, "In an bar shi haka ma ai babu shi. Jiƙa."

Kafin in jiƙa na roƙi Baba Lasisi fim na ɗauki hoton hoton ta cikin gilashin. Ku riƙe wannan: ba a sa tsohon hoto a ruwa sai an kwafe shi, ko uban wa ya ce ku yi sauri. Sannan na kwantar da shi a tasa cikin ruwan randa mai sanyi, muka zuba ido. Gefe ya fara saki. Na sa bakin reza na ɗaga kaɗan. Sai na ga fuskar ta motsa, ta zame daga takardar gaba ɗaya kamar yanar kunu, ta naɗe, ta watse a ruwa. Baba Lasisi ya ce, "Innalillahi." Takarda fara na ciro. Na fita na nuna wa Kulu. Ba ta yi kuka ba, ta gyara goyonta ta ce, "To saura mi?" Na ce saura fim, da hula da goshi da kunne da ido guda. Sauran sai in gina.

Akwai dabarar da masu sana'ar nan ke yi, kuma sau da yawa tana ci: a nemo ɗan'uwan mamaci mai kama da shi, a ari haɓarsa da bakinsa. Garba yana da ƙane, Sani, uwa ɗaya uba ɗaya, wanzami ɗaya ya yi musu zane. Aka turo shi na ɗauke shi, na yanka fuskarsa daga hanci zuwa ƙasa na haɗa da saman ta Garba, na bi mahaɗin da ɗigo har ni kaina na daina ganinsa. Takarda guda daga gwangwanin biskit ta tafi a nan. Na shiga mota na kai musu Argungu da kaina, ina jin na yi aiki.

Inna Tumba ta kai hoton dab da idonta ta ce, "Shi na. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata." Matan gida suka taru suna salati. Kulu ta karɓa ta duba, ta ce in zo ɗaki in sha ruwa. Muna shiga ta miƙo mini shi.

"Wanga bakin Sani na. Kullum ina ganin shi shina tsotsar ƙashin kifi."

Na ce kowa ya ce suna kama.

"Zanen ma ba haka yake ba."

Na ce yaya yake? Ta ce ita dai ta san ba haka yake ba. Na ɗaga murya na tambayi Inna Tumba da ke tsakar gida ko zanen Garba ya bambanta da na Sani. Ta ce, "Zanen gidanmu guda na, kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta." Na juyo kan Kulu, kuma ban tausasa ba. Na ce, "Na baro aikina, na ɓata takardar da babu irinta a kasuwa. Kin ce kin manta fuskar, yanzu kuma kin ce wannan ba ita ba ce. Zaɓi ɗaya."

Ta tashi ta saki asabarin ƙofa, da rana tsaka. Ta ce in zauna a bakin gado. Ta durƙusa a gabana ta rufe ido, ta ɗora yatsunta a gefen goshina.

Daga nan ta fara saukowa. Layi bayan layi, daga gefen ido zuwa bakin leɓe, ba ta gaggawa, ba ta kuskure, kamar mai bin hanyar rijiya. Ta danna haɓata ta ce, "Tai ta fi taki faɗi, nan." Ta tura yatsa a kumatuna na dama ta ce, "Nan akwai rami, haƙori guda ya fita." Ta taɓa leɓena na ƙasa ta ce ya taɓa tsagewa ya warke da ɗan tudu. Da ta koma kumatun hagu, a layin da ke kusa da kunne, yatsanta ya sauko ya tsaya a tsakiya, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya bi 'yan'uwansa, ɗaya ya goce ya nufi wuya.

Na ce ta dakata. Na ga tandun kwalli a kan kwalla, na zazzaga a tafin hannuna na ɗiga ruwa, na ce ta tsoma yatsa ta sake daga farko. Ta sake. Da ta gama na ɗauki madubinta na kwafe abin da ke fuskata a bayan hoton Sani. Wanda ke kwafa daga madubi ya tuna hagu ta zama dama, in ya manta ya juya wa mamaci fuska.

Ina cikin kwafa Inna Tumba ta ɗaga asabari ta shigo, tana cewa wane irin ruwa ne ake sha a rufe. Haske ya faɗo a kaina. Ta matso har ina jin numfashinta, ta bi kumatuna na hagu da ido, sai ta zauna a ƙasa daɓas.

"Wanzami na cikin yi yaron yay yi atishawa," in ji ta. "Aska ta goce. Ubanai har ya so shi hana wanzamin la'ada. Ni da na riƙe shi ga cinyata, wallahi na mance." Sannan ta juya wajen Kulu, wadda ta riga ta ja mayafi ta rufe fuska. "Ke kuma, ashe kunyar taki ta rana ta."

Ba wanda ya yi dariya, amma daga ranar na lura tsohuwar ba ta ƙara kiranta "yarinyar ga" ba, sai "ɗiyata".

Baba Lasisi bai so ya sake buɗe gwangwani ba. Na ce masa in bai ba ni takarda ba zan koma gidan ubana in ci gaba da faɗa da mutane, shi kuma ya nemi mai shiga masa gidaje. Ya ba ni, yana zagina da Yarabanci. Na buga hula da goshi da kunne da ido daga fim, sauran takardar na bar ta hazo. A kan hazon na gina haɓa mai faɗi, da ramin haƙori, da tudun leɓe, da ido na biyu wanda na auna da na farko. Ɗigo bayan ɗigo, har wuyana ya ƙage. Zanen kuwa ban tsaya ga kala ba. Na kifa hoton a kan tsumma mai laushi, na bi kowane layi ta baya da gindin allura, a hankali kada ta huda, har ya taso ta gaba yadda yatsa zai ji shi. Tufafinsa an riga an raba wa dangi, abin da ya rage wa Kulu tsohuwar taguwar shiga ruwa ce da ba wanda ya so. Ita na yanka na manna masa a kafaɗa. Ƙarnin kifi bai bar ta ba, shagon nan ya kwana biyu yana warinta.

Da ta zo karɓa na ɗauko gilashi zan rufe, ta ce kada in sa. Na ce maiƙon hannu yana cin kala, ba zai daɗe ba. Ta ce, "Gilashi ai shi ya cinye na farko." Ta dubi hoton ta ce, "Ido dai nai na." Ta rufe ido ta bi kumatun hagu da yatsa, ta kai inda layin ya rabu, ta tsaya. Sannan ta naɗe shi a zane ta tafi.

Da a nan labarin ya ƙare da na bar ku ku ce sana'ar daɗi gare ta.

Bayan shekara Kulu ta dawo, kumatun hagu ya koɗe har farar takarda ta fito. Na gyara. Na tambaye ta ko fuskar ta dawo mata. Ta ce, "Yanzu in na rufe ido ina ganin huska sarai." Na ce alhamdu lillahi. Ta ce, "Amma taki ta, Malama. Wagga da kika zana. Ita ka zo man." Ba da zargi ta faɗa ba, kamar mai faɗin farashin gero. Tun daga nan kusan duk bayan damina sai ta kawo shi. Kumatun dai kullum nata ne. Idon dama kuma na yarinyar ne, Hadiza, wadda tun tana rarrafe aka nuna mata aka ce ga Baba, ita kuma ido take tsokana da yatsa mai maiƙon miya. Ya koɗe in ɗiga, ya koɗe in ɗiga. Hannun mutum ba inji ba ne. Kowane gyara yana kaucewa da kaurin gashi guda, ban kuma da dalilin ciro fim in gwada, tunda gyaran tabo ne kawai. A tsakanin nan Inna Tumba ta rasu, Baba Lasisi ya koma garinsu ya bar mini shago, can shi ma ya cika. Takarda ta dawo kasuwa.

Bana Kulu ta zo da Hadiza tana tafiya da ƙafarta, har ta fara zuwa makarantar allo. Hoton ya huje a kumatu, ba sauran wurin ɗigo. Na ce sabo za a yi. Na ciro fim ɗin daga inda na adana shi, na buga a takarda mai kyau, na sake gina haɓa da baki yadda suke a tsohon, na tayar da zane da allura, na ɓamɓare taguwar na mayar. Idon dama ban taɓa shi da burushi ba ko ɗigo ɗaya. Da na jera su biyu na ga abin da shekaru suka yi. Idon tsohon hoton ya zama mai faɗi, mai sanyi, kamar na mai shirin murmushi. Na fim ɗin ƙarami ne, a tsuke, idon mutumin da ya saba kallon rana a kan ruwa.

Hadiza ce ta fara magana. Ta leƙa ta ja baya ta kama zanen uwarta. "Wanga ba Baba ba na. Shina hararata."

Kulu ta rufe ido ta bi kumatu, ta gyaɗa kai. Ta buɗe ta dubi idon, ta daɗe.

"Malama, kin ɓata ido."

Na ce, "Kulu, ban taɓa shi ba. Wannan shi ne na ranar da kika fara kawo shi, wanda kika ce nasa ne. A duk takardar nan shi kaɗai ne ba ni na yi ba."

Ta dubi tsohon, ta dubi sabon. Na ga tana nema a cikin kanta, na kuma ga ba ta samu ba. Ta tura mini tsohon da ɗan yatsa.

"Ni dai wanda na sani nika so. Maida man shi yadda yake."

Na yi niyyar musu, kun san ni. Na dubi yarinyar tana leƙowa ta bayan zane, tana jiran a dawo mata da ubanta. Na sa burushi a baki na fiƙe shi, na jiƙa baƙi da ruwan shayi, na rufe idon Garba na sabon hoton da nawa. Suna zaune na gama. Hadiza ta zo ta dangwala masa yatsa tun bai bushe ba.

Fim ɗin yana cikin gwangwanin biskit a saman kanta, a nannaɗe cikin farar takarda. Ba a aiko ku wajensa ba, kada wadda ta taɓa. Ita kuma mai sati biyu, gobe ta zo da wuri. Tasoshi uku na jiranta, kuma kada ɗigon ta ƙarshe ya faɗa cikin ta farko.